Murhun jan bulo da muka raina, da yadda muka gyara shi da sefa dubu 25

Duk wanda ya tashi a Garwa irina, in ka ce masa akwai garin da mutane ke jin ɗumin wuta a watan Agusta, a cikin Kamarun nan tamu, cewa zai yi tatsuniya kake masa. Mu abin da muka sani shi ne zafin Maris da Afrilu, lokacin da ake kwana a tsakar gida ana fifita har asuba. Sai da aikin koyarwa ya kawo ni Dschang, a yammacin ƙasar, na gane ashe sanyi ma iri-iri ne. Garin yana kan tudu, kusan mita 1,400 sama da teku, ga duwatsun Bamboutos can gefe, ga ruwan sama da ke farawa tun Maris, ba ya ɗaukewa sai wajen Nuwamba. Ba irin sanyin hunturu ba ne mai fasa leɓe. Sanyi ne mai laima, ya shiga katifa, ya shiga akwatin tufafi, allin da nake rubutu da shi a aji ma sai ya yi ta karyewa a hannu.

Gidan da muka kama haya, a gefen unguwar Hausawa, tsohon gini ne na zamanin da kofi ke da kuɗi a ƙasar Bamileke. Marigayin da ya gina shi ya kwaikwayi gidajen Turawa ne, har da abin da su suke yi don maganin sanyi: a bangon falo an ɗora gini na jan bulo tun daga ƙasa har silin, da baki a gindinsa kamar na tanderu, da bututu da ya huda kwano ya fita sama. Maƙwabta da Faransanci suke kiransa, shemine. Mu a gida murhu kawai muke ce masa.

Ranar da muka tare, maiɗakina ta tsaya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Malam, wannan abu ko dai a rufe shi da labule ko a rushe." Ban ga laifinta ba. Saman bakin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Ƙasa-ƙasa kuma wani farin abu ne ya fito a jikin bulon kamar an watsa gishiri. Waɗanda suka zauna kafin mu sun yi ta liƙa siminti a duk inda ya tsage, kowa da irin hannunsa, wani ma ya cusa tsohon buhu a maƙogwaron bututun. In aka yi ruwa kwana biyu, falon duka warin jiƙaƙƙiyar toka yake yi. Rushewa ba tamu ba ce tunda gidan haya ne. Sai muka mai da shi ma'ajiya: takalma, bokiti, tsintsiya, duk nan ake turawa.

Fentin da ya cinye dubu bakwai

Da aka haifa mana yaro na biyu, baƙi za su zo suna daga Garwa da Bafusam, sai kunya ta kama ni. Na je shagon kayan gini na sayi fentin mai, kore shar, da buroshi, sefa dubu 7. Ban wanke bulon ba, ban kankare komai ba, na bi shi da fenti hawa biyu a dare ɗaya. Ranar suna kuwa ya yi kyau, har wata gwaggona ta ce kamar mihirabin masallaci.

Wata biyu bai cika ba fentin ya fara kumbura, ya yi ƙuraje kamar fatar da ta ƙone. In ka taɓa sai ya fashe, farin gari ya zubo. A saman bakin kuma baƙin ya huda koren ya fito da launin ruwan ƙasa-ƙasa. Da mummuna ne, yanzu ya zama mummuna mai ban dariya.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Jan bulo yana da 'yan ƙofofi a jikinsa waɗanda ido ba ya gani, yana shan ruwa kuma yana fitar da shi. Ruwan da ke ciki in zai fita yakan ɗauko gishirin da ke cikin bulo da kwaɓin, ya bar shi a fuska, shi ne farin nan. Fentin mai kuwa kamar ka lulluɓe bango da leda ne. Laima ta nemi hanya ta rasa, sai ta ture fentin. Ni ban tambayi kaina daga ina ruwan ke shiga ba. Na dai ce fentin ne na jabu, na bar zancen.

Abin da ya dawo da ni kan murhun ba kyau ba ne. Wani dare ne a watan Yuli, an kwana uku ruwa bai tsaya ba, jaririn na da wata huɗu, yayarsa na da shekara biyar. Muka yi abin da kowa ke yi a unguwa: muka hura gawayi a kasko, muka jira ya yi ja hayaƙi ya ɗauke, muka shigar da shi ɗakin kwana. Na rufe taga, na tura tsumma a ƙarƙashin ƙofa don kada iska ta shigo. Wajen ƙarfe biyu na dare yarinyar ta tashi tana kuka wai kanta na ciwo, sai amai. Na miƙe zan ɗauke ta, na ji ƙafafuna kamar ba nawa ba, kaina na sara. Allah ne kawai Ya sa hankalina ya kai kan kaskon. Na buɗe ƙofa da tagogi, na tashi uwar da ƙyar, muka fito baranda cikin bargo muka zauna har asuba. Da safe a asibiti, malamar jinya tambaya ɗaya ta yi mini: "Da gawayi kuka kwana?"

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ni nake koya wa 'yan ajin ƙarshe na firamare wannan darasi. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita, sama da sau 200. Kuskuren da muke yi shi ne mu ce tunda garwashi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, ai shi ke nan. A'a, hayaƙin ido ne kawai ya ɗauke. Mai barci ba ya jin komai, daga barcin sai a wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibi daga itace da gawayi da kananzir take, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Na sha karanta irin wannan lissafi, ban taɓa sa gidana a ciki ba.

Da muka dawo gida na tsaya gaban koren murhun nan, na fitar da takalma da bokiti. Ga wuri an gina musamman don wuta ta ci hayaƙi ya fita waje, mu kuma muna can muna rufe kanmu da kasko.

Dogon hutu ne, lokaci akwai. Kuɗi ne babu, albashin malamin firamare ba ɓoyayyen abu ba ne. Na ware dubu 25, na ce ko sisi ba zan ƙara ba. Kafin in taɓa komai na je wurin mai gidan, wata dattijuwa, gwauruwar wanda ya gina shi. Na ce, "Mama, ina so in gyara shemine, ba zan fasa komai ba." Ta yi shiru, sannan ta ce rabon da a hura shi tun mijinta na da rai. Muka yi yarjejeniya cewa duk abin da aka kashe a saman kwano nata ne, za a cire a kuɗin haya, na cikin falo kuma nawa. Na rubuta a takarda, ni da ita muka sa hannu, ɗanta ya shaida. Duk mai haya da zai yi gyara ya yi hakan. Ba don rashin yarda ba, mantuwa ce ba ta da ranar zuwa.

"Kai fuska kake kallo"

Akwai wani tsohon magini, mutumin Fumban, da muke sallah tare. Bayan la'asar na ja shi gida. Na fara nuna masa fentin ina bayani, bai ko saurare ni ba. Ya durƙusa, ya zare buhun da ke maƙogwaron, ya haska tocila sama, ya daɗe. Da ya fito da kansa ya ce, "Malam, kai fuska kake kallo, ni maƙogwaro nake kallo. In nan bai yi ba, ko zinariya ka shafa masa kayan ado ne." Na ce, "Baba, to daga ina za a fara?" Ya nuna sama.

Muka jira rana ta fito kwano ya bushe, don kwanon damina santsi gare shi, ba a wasa da shi. Na hau da igiya a ƙugu, shi yana ƙasa yana ba ni umarni. Can na ga tushen ruwan. Bakin bututun a buɗe yake ba hula, simintin da ke kewaye da shi ya dare gida uku, har ciyawa ta tsiro. Duk ruwan da aka yi shekara da shekaru ta nan yake gangarowa cikin bulo. Ashe fentina ba na jabu ba ne.

Shara ba ta ci ko sefa ɗaya ba. Muka toshe bakin murhun ta falo da jiƙaƙƙen buhu. Na cusa busasshiyar ciyawa a wani buhun da dutse a ciki, na ɗaure da igiya, na yi ta zura shi ina ja. Daga baya na sauya da tsohuwar sarƙa don ta bugi gefe da gefe. Bokiti biyu muka kwashe: sheƙar tsuntsu, ganye, kunkunniya, da wasu baƙaƙen ɓawo masu ƙyalli kamar kwalta. Baba ya ɗauki ɗaya ya nuna mini, ya ce wannan ɗanyen itace ne ke haifar da shi. Hayaƙinsa in ya hau ya tarar da bango mai sanyi sai ya daskare, in kuma ya taru da yawa yakan kama wuta a cikin bututun kanta.

Sannan ya yi wani gwaji da nake ganin duk wanda ke da irin wannan murhu bai kamata ya tsallake ba. Ya hura 'yar wuta da ɗanyar ciyawa don ta yi hayaƙi sosai, ya ce in rufe bakin bututun ta sama da katako na ɗan lokaci, ya tura ɗansa cikin silin da tocila. Sai ga hayaƙi na fita siriri ta wata tsaga, dab da katakon rufi. Da mun hura babbar wuta ba mu duba ba, wallahi ban san abin da zai faru ba. Ya toshe tsagar, aka sake gwadawa har sai da ba a ga komai ba. A sama kuma ya sake simintin bakin, ya yi masa gangare don ruwa ya zube waje. Mai walda ya yi mana hula ta kwano mai ƙafa huɗu, da raga a kewaye saboda tsuntsaye.

Na ɗauka an gama. Muka hura wuta ta gaske, sai rabin hayaƙin ya hau, rabi ya birkito cikin falo. Maiɗakina tana tari ta ce, "To Malam, sai a mai da takalman." Baba ko a jikinsa. Ya ɗauko wani guntun kwano ya kara a saman bakin murhun, yana saukar da shi a hankali. Da ya sauka kamar taƙi ɗaya da 'yan kai, sai hayaƙin ya daina fitowa, ya miƙe sama kamar an ja shi da zare. Ya ce, "Bakin ne ya fi ƙarfin maƙogwaro."

Nan ne karatuna ya ɗan yi rana. Masu wannan gini suna da ƙa'ida: faɗin ramin bututu ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗin bakin murhu. Na ɗauko ma'aunin aji. Bakin namu santimita 90 ne a kwance, 80 a tsaye, in ka ninka 7,200. Ramin bututun kuwa 20 ne da 25, wato 500. Ka ga ai kashi ɗaya ne cikin sha huɗu, bututun ba zai iya kwashe duk iskar da bakin ke haɗiya ba. Faɗaɗa bututu aikin masu kuɗi ne. Rage baki kuwa abu ne mai sauƙi. Muka sayi tsofaffin jan bulo 32 daga wani gida da ake rushewa, muka shimfiɗa hawa biyu a ƙasan murhun, ya tashi da santimita 14. A sama mai walda ya sa faffaɗan ƙarfe da ya rage 10. Tsayin ya koma 56, a ninka da 90 ya ba da 5,040. Da aka koma makaranta a Satumba wannan lissafin na ba 'yan ajina, da zanen murhun a allo. Ban taɓa ganin sun yi ninkawa da son rai irin na ranar ba.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Tun 1796 wani masani da ake kira Rumford ya yi rubutu a Landan a kan yadda ake gyara murhu mai dawo da hayaƙi, ya ce a rage zurfinsa, a karkata bangayen gefe don zafi ya watsu cikin ɗaki. Baba bai taɓa jin sunansa ba, amma da ragowar bulo ya karkata mana kusurwoyin ciki daidai yadda wancan ya faɗa.

Wani abu kuma da na so in yi gardama a kai: cikin murhun bai yarda a sa siminti ba. Na ce, "Baba, ai siminti ya fi ƙarfi." Ya nuna mini liƙin mutanen baya, duk sun tsattsage sun saki bulo. Siminti na gama-gari ba ya jure wuta kai tsaye. Abin da ya kwaɓa shi ne yumɓu da yashi da tankaɗaɗɗiyar toka, irin dai haɗin da iyayenmu ke gina murhun girki da shi, wanda wuta ƙara masa tauri take yi. Ya ce a bar shi mako guda ya sha iska, sannan a fara da ƙananan wuta kwana uku kafin a hura babba.

Sai fuskar

Wannan ni da maiɗakina muka yi da hannunmu, kuma shi ya fi cin lokaci. Kankare fentin kwana huɗu ya ɗauke mu. Inda laima ta riga ta ɗaga shi da kansa yake ɓarewa. Inda ya kama kuwa sai da tsohuwar wuƙa da haƙuri. Wani maƙwabci ya ce a babbake shi da wuta, na ƙi, hayaƙin fenti guba ne kuma ga jariri a gida. Buroshin ƙarfe ma mun gwada a wani lungu muka bari, don tsohon bulo laushi gare shi, cinye fuskarsa yake yi.

Kunkunniyar da kanwa muka wanke ta. A jiƙa kanwa a ruwan zafi, a zuba ɗan sabulu, a goge da buroshin wanki, sannan a ɗauraye sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta, domin kanwar ma in ta zauna a bulo farin gari za ta bari. Shi kuwa gishirin da ke ƙasa ba a wanke shi da ruwa, narkewa zai yi ya koma ciki ya sake fitowa. A bushe ake share shi. Tunda an toshe hanyar ruwa ta sama, mun share sau uku cikin wata guda, daga nan ya ragu ƙwarai.

Da bulon ya fito sai muka ga ba zai yi kyau haka tsirara ba. Wani ja, wani baƙi, wani da ragowar kore a cikin ramuka. Bakan da ke saman bakin ne kawai ya fita tas, shi muka bari da launinsa. Sauran muka yanke shawarar shafa masa farar ƙasa ta shago, wadda masu sayarwa ke kira sho da Faransanci. Dubu 3 ta ishe mu har da saura. Amfaninta a nan shi ne ba ta toshe bulo, laima na ratsa ta ta fita, ba ta cin wuta, kuma in mai gida ba ta so wata rana ana iya goge ta. Da ita muka cike tsakanin bulo inda kwaɓi ya zube, awo ɗaya nata, awo uku na yashi.

Sai dai tana da sharaɗi. Tana cin fata, in ta shiga ido kuwa abin ba kyau, don haka safar hannu ta roba da tabarau dole ne, yara kuma a kai su maƙwabta. In mai dunƙule aka samu, wadda ba a kashe ba, ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata ruwa a kai, don tafasa take yi tana tartsatsi. Mu ta gari muka samu, muka jiƙa ta kwana. Kaurinta kamar madarar shanu, ba kamar kindirmo ba. A fara yayyafa wa bulon ruwa, sannan a shafa siriri. Da na yi hawan farko na ɗauka asara na sake yi, don kamar ruwa na shafa, ba a ganin komai. Washegari sai ga shi ya yi fari. Haka take, sai ta sha iska take nuna kanta, kuma bushewa a hankali irin ta damina ita ta fi yi mata. Mai gaggawar da ya yi kauri ɗaya zai ga tana zuba tana ɓata riga. Hawa uku muka yi, kwana biyu tsakanin kowanne. Maiɗakina ce ta ce farin ya yi kama da na asibiti, ta tankaɗe jar ƙasar bayan gida ta zuba cokali biyu a bokitin. Ya koma launin ƙwaryar da aka daɗe ana amfani da ita. Ni da ban yarda ba, amma ita ce da gaskiya.

Sai ga tsohuwar matsala ta dawo. A saman baka, inda hayaƙi ya shekara talatin yana duka, tabo ruwan ƙasa ya huda farar ƙasar ya fito. Na ƙara hawa, ya sake fitowa. Na koma wurin Baba. Ya yi dariya ya ce, "Ka je wurin Fulani a mahauta ka samo ɗanyen kashin shanu." Na ɗauka tsokana ce. Ya ce a dama shi da ruwa da ɗan farar ƙasa, a shafa a kan tabon, a bari ya bushe sarai, sannan a bi da fari. Daga baya na gano cewa maginan Ingila ma da can da haɗin farar ƙasa da kashin shanu suke shafe cikin bututun hayaƙi, kuma masu gyaran tsofaffin gidaje har yanzu suna amfani da shi don tare irin wannan tabo.

Rigimar a gida ta tashi. Maiɗakina ta ce, "A falon da nake sallah? Haba Malam." Na tuna mata cewa a mazhabar Malikiyya da muke kai, kashin dabbar da ake cin namanta, in ba ƙazanta take ci ba, ba najasa ba ne, kuma kakanninmu da shi suke haɗa yaɓen ɗaki. Ta ce hukunci daban, hanci daban. Muka shirya a kan za a yi ranar da za ta je biki Bafusam ta kwana biyu. Warin kwana uku ya yi, wato na ci bashin kwana ɗaya, na kuma biya da jin magana. Amma tabon bai sake fitowa ba.

Abu na ƙarshe katako ne na itacen turare, wanda ya cika ƙasar nan, kafinta ya goge mana. Muka kafa shi santimita 40 sama da bakin, nesa da harshen wuta. Agogo ne a kai da faifai biyu da aka kawo mata daga Garwa. Littattafai ban yarda a ɗora ba, balle Alƙur'ani, saboda zafi da ƙura.

Ga yadda kuɗin suka tafi, don wanda zai gwada. Mai walda ya karɓi dubu 9, hula da ƙarfen baki da ragar da ake karawa a gaba saboda tartsatsi. Baba dubu 5, shi ma sai da na matsa ya karɓa. Bulo 3,200, farar ƙasa 3,000, katako 2,000, siminti da yashi 1,500, kanwa da buroshi da safar hannu 1,500. Jimla 25,200, wato na karya alkawarina da sefa 200. Mama ta cire dubu 10 a haya kamar yadda muka rubuta. Dubu 7 na koren fenti ba na sa su a lissafi, amma maiɗakina tana sawa.

Kada kuma in yi wa mai karatu daɗin baki. Buɗaɗɗen murhu irin wannan ba gwani ba ne wajen riƙe zafi, mafi yawansa bin hayaƙi yake ya fice. Falo kawai yake ɗumamawa, ɗakin kwana sai dai a bar ƙofa a buɗe ya samu kaɗan. Itace kuma yana ci. Shi ya sa sa'a biyu kawai muke hura shi, daga magariba zuwa bayan isha'i, sai bulon ya riƙe ɗumi zuwa tsakar dare. Itacen tun rani nake saye in jera a ƙarƙashin baranda, don turare ɗanye ba abin da yake yi sai hayaƙi da kwalta. Kafin a hura, nakan kunna takarda in ɗaga ta cikin maƙogwaron na ɗan lokaci don iskar ciki ta yi zafi ta fara hawa. Tsofaffin takardun jarrabawar lissafi sun samu aiki, amma sai na duba babu sunan Allah a jiki. Leda da kananzir da wasu ke tada wuta da su, an hana a gidan. Taga ɗaya kullum a ɗan buɗe take, domin wuta sai ta samu iskar da za ta maye wadda ta fita, in ba haka ba hayaƙi ya dawo. Ba ma kwanciya sai garwashin ya mutu. Kaskon gawayi kuwa ya koma madafa, bai sake tsallaka ƙofar ɗaki ba.

Ranar da muka fara hura babbar wuta na aika a kira Mama. Ta zo da sandarta, ta zauna a kujerar da ke kusa, ta miƙa hannuwa. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta nuna gefen hagu ta ce nan mijinta ke ajiye masara yana gasa wa yara. Na tura yarinyata ta sayo guda huɗu a bakin titi.

Yanzu gidaje biyu a unguwar sun ce in zo in duba nasu, ɗaya ma a bayan kabad aka ɓoye shi. Na ce musu ni awo kawai na iya, hawa kwano da duba silin sai Baba. Mun sa ranar Asabar mai zuwa, in ruwa ya bari.